Shekarar da Kotu Ta Yi Huɗa a Kaikai

Jikata Bilkisu, wadda ke karatun lauya, ta zo hutu Kankia da ƙawayenta, suka ishe ni a zaure ina shan iska, suka danna mani waya a ido. Wai in ga wani dattijo can Amurka, wanda ya yi babban lauyan gwamnatin jiharsu, daga baya aka naɗa shi alƙali. Ga shi nan kan kujera mai juyawa, sanyi na ratsa shi, ya ɗaga 'yar guduma ya ƙwanƙwasa tebur, shi ke nan an gama shari'a. Bilkisu ta ce, "Tsoho, ashe aikin naku hutu ne. A saurara, a buga guduma, a tashi a tafi gida."

Na ce ke da ƙawayenki ku samu tabarma ku zauna, tunda baki ya yi maku yawa. Ni ma hanyar da wannan bawan Allah ya bi ita na bi, sai dai tawa ba kwalta. Na yi lauyan gwamnati, ƙarami ba babba ba, ina gurfanar da masu laifi a Katsina, sannan aka ba ni majistare aka turo ni nan. Har na yi ritaya ban taɓa riƙe guduma ba. Guduma ɗaya na sani a kotunmu, ta kafintan da ke zuwa gyara benci in masu sauraro sun karya.

Kayan aikin majistare biro ne da hannunshi. Duk abin da aka faɗa a kotu kai za ka rubuta, da hannunka, ko mai ba da shaida ya fara ne daga ranar da kakarshi ta yi aure. Ku dubi ɗan yatsana na tsakiya, wannan kantar ba noma ya yi ta ba. Bayan biro sai mara mai haƙuri, don alƙali ba ya tashi zagayawa ana tsakiyar rantsuwa. Sai kuma fuska. Fuskar ita ta fi wuya. Mutum zai tsaya gabanka ya ce akuya ce ta biyo shi da kanta har cikin buhu, kai kuma ka rubuta haka, ba ka murmusa ba. Hular gashin nan da kuke marmarin sawa ku ɗauki hoto, na sa ta lokacin ina lauya. Ku bari bazara ta yi ku sa ta a ɗakin da ba fanka, sannan ku zo mu yi magana.

Wanda ya koya mani zaman kujera wani tsohon majistare ne, Malam Hamza, Allah shi jiƙanshi. Na zauna a gefenshi ina kallo kafin a ba ni tawa kotun. Bai taɓa buɗe mani littafin doka ba, ya ce wannan na riga na karanta. Abin da ya koya mani shi ne yadda ake cin abinci a gida kafin a je suna, don kada ka ci tuwon wanda gobe zai tsaya gabanka. Da yadda ake ƙin shiga motar mai kirki ko rana na dukanka a bakin titi. Ya ce mani, "Kowane mai sana'a yana son mai zuwa wurinshi ya tafi yana murna. Mu kam in mutum biyu suka shigo, ɗaya dole ya fita yana zagin uwarka. In duka biyun suka fita suna zaginka, to wataƙila ka yi daidai."

Amma Malam Hamza bai koya mani abin da ake yi da shaidar da ke cin harawa ba. Wannan sai da na zo Kankia.

Wata shekara, ana cikin rani, aka kawo mani ƙara a kan sa. Mai ƙorafi wani manomi ne daga Kaikai, cikin ƙasar Kusada, sunanshi Malam Sule. Shanun huɗa biyu gare shi, su ne duk dukiyarshi, aka kwance ɗaya daga turke. Ya yi ta yawon kasuwanni har takalminshi ya tsinke, ran nan ya ga sanshi a kara, kasuwar shanu, a hannun wani falken shanu mutumin Yashe, Alhaji Ɗan'azumi. Sule ya rungume wuyan sa ya ƙi saki. Alhaji ya ce ƙarya ne, wannan sa a gidanshi aka haife shi, na kiwo ne, bai taɓa ganin garma ba. 'Yan sanda suka kwaso su duka uku suka kawo mani.

To ka'ida ita ce, abin da ake shari'a a kanshi yana zama hannun kotu har a gama. In wuƙa ce a sa ta a durowa. In babur ne a jingine shi a baranda. Sa fa? Caji ofis suka ce ba su da wuri. Kotu ba ta da katanga. Gidan da gwamnati ta ba ni yana nan bayan kotun, da katanga da darbejiya mai inuwa. Sajan Idi, ɗan sandan da ke gabatar da ƙara a kotuna, ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, na ɗan kwana biyu ne kawai." Na ce a ɗaure shi. Matata Hajiya Rabi kuwa, da ma 'yar gidan kiwo ce, ta ga dabba sai zuciyarta ta narke. Ƙasari da safe, dusa da kanwa da rana, harawa da yamma. Ni da na aure ta ban taɓa samun kula irin wannan ba.

Alhaji Ɗan'azumi ya ɗauko lauya, Barista Sunday, mutumin kudu amma a nan ya girma, Hausa a bakinshi har da karin magana. Mutum ne mai fara'a, kuma ya san aikinshi, abin haushin ke nan. Da farko na so in ba Sule san ya riƙe amana har a gama. Barista ya tafi babbar kotu ya dawo da umarni cewa kada a miƙa san ga kowa sai an yanke hukunci, tunda kowa na cewa nashi ne. Gaskiyarshi, doka ta ba shi. Daga nan aka shiga ɗage zama. Yau shaidan Alhaji ya bi tirela ya kai shanu kudu. An sa wata rana, shaidan yana hanya. An sake sa wata, motar ta lalace. Ba ka yanke wa mutum hukunci ba ka ji shaidunshi ba, in ka yi, kotun sama za ta rushe, a dawo farko. Shi kuwa Alhaji ina ruwanshi da gaggawa? Abin nema ya samu. Kotu na yi mashi kiwo kyauta, sa na ta ajiye tozo, shi yana ta zuwa leƙe ta saman katanga yana cewa masha Allah.

Sule shi ne abin ya dama. Duk ranar zama yana nan tun kafin a share kotu, ya sha hanya daga Kaikai, ya zauna a bencin gaba ya ɗora hula a gwiwa. Kullum kafin ya shigo sai ya tsaya a baranda ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ku 'yan birni ba za ku gane wannan kallon ba. Sa ɗaya ba ya jan garma. Masu shanu kuwa in ruwa ya sauka nasu za su fara huɗewa, sannan na masu hali, talaka sai ƙasa ta bushe. Mutumin nan yana da gida cike da baki. In damina ta wuce shi, shekarar ta wuce shi, ko daga baya na ba shi sa goma.

Ran nan ya miƙe ba a ba shi izini ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san doka ba. Amma mu a wurinmu in an yi gardamar dabba, sakinta akan yi. Dabba ta san gidansu."

Alhaji ya yi caraf ya ce ya yarda, don ya san bayan sace san ya kwana biyu a Yashe yana cin dusa. Barista ya ce ba shi da ja. Ni ma na ga dabara ce mai kyau, kakanninmu da ita suka rabu da rigima. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinmu, har da mai biro.

Aka sa rana. Sajan Idi ya ja sa zuwa bayan gari, inda turba ta rabu, kowa ya yarda wannan ta nufi wajen su Sule, waccan ta nufi wajen su Alhaji. Ban san wanda ya yi shela ba, amma rabin Kankia sun zo. Masu rake sun zo, masu ruwan leda sun zo. Na tsaya da littafina, na ce a kwance. Sajan ya zare igiya ya ja da baya. Sa ya tsaya. Ya dubi turbar Kaikai, Sule ya fara motsa baki yana addu'a. Ya dubi turbar Yashe, Alhaji ya gyara babbar riga. Sai ya yi atishawa, ya juya gaba ɗaya, ya kama hanyar cikin gari.

Muka bi shi, ya za mu yi? Shaida ce, ba a barinta ta tafi ita kaɗai. Yana gaba, alƙali na biye, lauya na biye, jama'a na biye. Ya tsallaka titin Kano zuwa Katsina a nutse, bas-bas suka ci birki, fasinjoji na leƙowa suna tambaya ko gawa aka ɗauko. Ya wuce kotu bai ko kalle ta ba. Ya zagaya, ya sa ƙaho ya ture ƙofar gidana, ya tafi gindin darbejiya ya yi kuka ɗaya. Hajiya ta fito da bokitin ƙasari tana cewa, "Sannu da zuwa, ina suka kai mani kai cikin ranar nan?" Sai ta ɗaga ido ta ga garin Kankia tsaye a ƙofar gida.

Wani tsoho a bayana ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "To, dabba dai ta san gidansu."

Barista Sunday ya matso, fuskarshi ba alamar dariya, ya ce, "Ya mai shari'a, ko kotu za ta so a rubuta sakamakon gwajin?" Na rubuta. Wallahi na rubuta da hannuna cewa sa ya tafi gidan alƙali. Ranar na san amfanin fuskar nan da na gaya maku, don ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar sunan dabbar ya koma san alƙali. In na je masallaci a tambaye ni ya iyali, ya mai ƙaho. Mahauta suka riƙa aiko da gaisuwa, wai in na tashi sayarwa kada in manta da su. Hajiya ma fushi ta yi da ni, wai na sa an wahalar da shi a rana.

Ni kunya na sha, ita kuwa ba ta kisa. Sule kuwa da aka watse ya sa hularshi ya tafi tasha.

Ana haka ruwa ya sauka, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasa. Washegari duk inda ka duba shanu ne cikin gonaki. Zaman da ya biyo baya Barista ya miƙe ya ce shaidansu ya iso Zariya, saura kaɗan. Na dubi Sule. Bai yi gardama ba, bai roƙe ni ba, ya dai sunkuyar da kai yana murza hular nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin kaina da kujerar da nake kai. Ga gaskiya ina hangenta, ga doka ta ɗaure mani hannu, ga ƙasa na shan iska tana bushewa.

Sai na koma kan abin da kowannensu ya faɗa tun ranar farko. Sule ya ce san huɗa ne, a hagu yake ja. Alhaji ya ce bai taɓa ganin garma ba. To ai wannan ba sai an jira mai zuwa daga Zariya ba. Doka ta yarda kotu ta tashi ta je ta duba abu da idonta, gani ya kori ji. Na ce gobe kotu za ta zauna a Kaikai, a gonar mai ƙorafi, a ɗaura wa shaida karkiya tare da ɗayan san, mu gani. Barista ya ce umarnin babbar kotu fa? Na ce umarni ya ce kada a miƙa shi ga kowa, kuma ba za a miƙa ba. Sajan Idi zai kai shi, Sajan Idi zai dawo da shi.

Da hantsi muka isa. An ɗauko sa a akori-kura, Hajiya ta haɗo shi da guzurin dusa kamar mai tafiya aikin hajji. Aka ajiye mani kujera da ɗan tebur ƙarƙashin wata gawo a bakin gona. Gonar Sule ita kaɗai ce fili fetal a wurin, hagu da dama duk an huɗe an shuka. Ya jawo ɗayan san, wani ja ramamme. Tun daga nesa suka fara yi wa juna kuka. Da aka sauke namu, ba wanda ya nuna mashi, ya taka ya je ya tsaya a hagun jan, ya sunkuyar da wuya. Sule ya ɗora karkiya. Ya kama garma, ya yi masu magana, suka ɗauka. Kunya ta fita sambal daga wannan kai zuwa wancan, kamar an ja zare.

Ko makaho ya ga abin da ya faru. Sajan Idi ya matso da igiya zai kwance, don gwaji ya ƙare, sai a koma Kankia a ci gaba da jiran mutumin Zariya. Sule ya tsaya a ƙarshen kunyar nan guda ɗaya, ya dubi sauran gonar.

Na cire tabarau na goge. Na ce, "Sajan, dakata. Rana ta haske mani ido, kotu ba ta gani da kyau ba. A sake."

Aka sake. Na ce wannan karon tafiya na gani, ban ga dawowa ba. Aka dawo. Na ce ƙasar nan wurin tana da laushi, kowane sa zai iya, a gwada can inda ta fi tauri. Na ce ina son in ga yadda yake juyawa a kan iyaka. Na ce biro ya tsaya, ban rubuta na ƙarshen ba. Ku da ke karatun doka ku je ku bincika, an ce alƙali ya duba shaida har ya gamsu, amma ba inda aka faɗi kunya nawa ke gamsar da alƙali. Ban ce san na Sule ne ba, ban miƙa mashi ba. Dubawa nake yi.

Mutanen Kaikai suka gane tun kafin azahar. Ba wanda ya yi dariya, Allah shi yi masu albarka. In an kai ƙarshen kunya sai ka ji wani dattijo ya ce, "Anya kuwa? Ni ma ban gani sosai ba." Aka tsaya aka yi salla, shanu suka sha ruwa suka huta, aka koma. Sajan Idi ya cire hula ya zauna a inuwa yana fifita.

Alhaji Ɗan'azumi ne ya kasa zama. Yana ganin tozon da aka tara mashi yana narkewa a gonar wani. Wajen la'asar, saura wani lungu daga gabas, ya figi hannun lauyanshi ya ce, "Barista, mi kake jira? Kai fa na ɗauka. Tashi ka yi magana."

Barista Sunday ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya gyara kwat. In ya ce wannan ba duba shaida ba ne, noma ne, gaskiya ya faɗa, dole in tsayar, kuma yana iya kai ƙarata sama a kira ni Katsina in yi bayani. Sule ma ya tsayar da shanu ya juyo.

Barista ya ce, "Ya mai shari'a, ina da ƙorafi babba."

Alhaji ya ce, "Yauwa, gaya masu."

Ya ce, "An gwada wannan sa a yamma, an gwada shi a tsakiya, amma ba a gwada shi a lungun can na gabas ba. Wanda nake karewa ba zai amince da shaida rabi da rabi ba. Ina roƙon kotu a ƙarasa."

Alhaji ya gyaɗa kai da ƙarfi, yana duban jama'a. Sai da garma ta shiga lungun sannan maganar ta isa inda za ta isa. Na ce kotu ta karɓi roƙon lauya, na sunkuya ina rubutu, don ranar fuskar ta kusa ba ni kunya.

Rana ta yi sanyi aka fitar da kunyar ƙarshe. Matan gidan Sule da 'ya'yanshi har sun fito da ƙoren iri sun tsaya a bakin gona suna jira mu tashi. Na ce kotu ta gamsu da abin da ta gani, za a ci gaba da zama a Kankia ranar da aka sa, Sajan ya mayar da shaida. Hukunci sai da kaka ta kusa na yanke shi, bayan mutumin Zariya ya iso ya rikice a gaban kowa, aka ba Sule sanshi.

Amma a ranar, a gonar, Sule ya san ba shi da damar yi mani godiya. In ya gode, ya nuna an yi mashi alfarma ke nan, ga Alhaji tsaye, ga lauya. Ya cire karkiya a hankali, ya share wa san gumi da gefen rigarshi, ya ja shi har bakin akori-kura. Sai ya dafa tozonshi, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Kai, bawan Allah, ka fitar da ni kunyar iyalina. Allah shi saka maka da alheri. Allah shi jiƙan mahaifanka."

Da sa yake magana, amma ni yake kallo, idonshi ya kawo ruwa. Mahaifana sun daɗe a ƙasa, manoma ne su ma. Na rufe littafi, na ce amin a zuciyata, na ce kotu ta tashi.